Labarin tattalin arziki da kuɗi: wanne za ka riƙa karantawa, wanne ya cancanci ka biya?

Tun daga 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, bayan mako biyu kuma Babban Bankin Najeriya ya haɗe kasuwannin canji ya saki naira, mutanen da a da ke tsallake shafin kasuwanci a jarida sun koma su ne masu fara buɗe shi. Ɗan kasuwar Kantin Kwari na son sanin inda dala ta dosa kafin ya tura kuɗin kaya Sin. Ma'aikaci na son sanin ko 'yar ajiyarsa ƙaruwa take ko narkewa. Ɗalibin jami'a na neman alƙaluman da malami ba zai yi watsi da su ba. Wuraren karantawa sun yi yawa, wasu kyauta, wasu sai da dala, lokacin mutum da datarsa kuma ƙayyadaddu ne.

Abin da za a auna

Kafin komai, ka tambayi kanka wace shawara kake yankewa da abin da ka karanta. Mai sayen masara ya ajiye, da mai sayen hannun jarin banki, da mai rubuta kundin digiri ba abu ɗaya suke buƙata ba. Jaridar da ta yi wa ɗaya rana tana iya zama ɓata lokaci ga ɗayan.

Daga nan sai ma'aunai biyar. Na farko kusanci da tushe: wurin shi ya tattara alƙaluman, ko daga wani ya kwaso, wanda shi ma a bakin wani ya ji? Duk hannun da labari ya bi sai ya zubar da wani abu, kuma yawanci sharaɗin da ke tare da adadin ne ke faɗuwa a hanya. Na biyu kuɗi, a haɗa da data da wahalar biya da kuɗin waje. Na uku ɗorewa: yana fitowa a kan kari? Za ka iya komawa ka tono abin da ya rubuta shekara biyu baya, ka ga ko hasashensa ya tabbata? Na huɗu sauƙi, wato harshe da lokacin da zai ci maka. Na biyar, wanda aka fi mantawa da shi, haɗari: wa ke biyan marubucin, me kuma yake so ka saya?

Takardun hukumomi kai tsaye

Kusan duk labarin tattalin arzikin Najeriya daga hannun hukumomi huɗu yake fitowa, kuma dukkansu suna sakin takardunsu kyauta a intanet.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, tana fitar da rahoton hauhawar farashi wajen tsakiyar kowane wata, game da watan da ya gabata. Kada ka tsaya a adadin da ke kanun labarai. A ciki akwai hauhawar farashin abinci daban, akwai ta birni da ta karkara, akwai ta kowace jiha, sannan awon iri biyu ne: kwatanta wannan wata da irinsa na bara, da kwatanta shi da watan jiya. Na biyun ne ke nuna maka halin da ake ciki yanzu. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar saukar hauhawa a matsayin saukar farashi. A ce buhu yana naira 50,000, ya tashi da kashi 30 cikin 100 ya koma 65,000. Shekara ta gaba hauhawar ta sauko zuwa kashi 20, buhun ya kai 78,000. Adadin da ke jarida ya sauka, kai kuma ka ƙara naira 13,000 a kasuwa.

Akwai kuma tarkon sauya ma'auni. A Disamban 2024 hukumar ta ce hauhawar ta kai kashi 34.80 cikin 100, a Janairun 2025 ta ce kashi 24.48. Kaya ba su yi araha cikin wata guda ba. Hukumar ce ta sauya shekarar da take awo da ita daga 2009 zuwa 2024, ta sabunta jerin kayan da take bibiya, ta kuma rage nauyin abinci a cikin lissafin. Haka aka yi da rashin aikin yi: kashi 33.3 a ƙarshen 2020, sai kashi 4.1 a farkon 2023, saboda a sabon tsari duk wanda ya yi aikin samun kuɗi na awa ɗaya a mako ana ƙirga shi mai aiki. Wanda ya ɗora adadin kafin sauyi kusa da na bayansa ya ce an samu ci gaba, ko bai karanta rahoton ba ko yana da wata manufa.

A Babban Banki, abin da ya fi cancantar lokacinka shi ne sanarwar kwamitin manufofin kuɗi, wanda kan zauna kusan duk bayan wata biyu. Ka nemi abu uku a ciki: ma'aunin kuɗin ruwa, kason kuɗin ajiyar jama'a da aka tilasta wa bankuna su bari a Babban Banki, da yadda ra'ayin mambobi ya rabu. Ma'aunin kuɗin ruwan ya tashi daga kashi 18.75 a farkon 2024 zuwa 27.5 a Nuwamban shekarar, sai a Satumban 2025 aka rage shi zuwa 27. Duk mai neman bashin banki ya ji wannan a jikinsa. Bayan wasu makonni bankin kan wallafa bayanin da kowane mamba ya rubuta don kare ƙuri'arsa, kuma a nan ake hango inda zama na gaba zai karkata. Mutane kaɗan ne ke karanta su.

Ofishin Kula da Basussuka, DMO, shi ke sanar da takardun lamunin gwamnati. Ƙaramar takardar ajiya ana buɗe ta a farkon kowane wata, daga naira 5,000, ta shekara biyu ko uku. Ga wanda ba ya hulɗa da kuɗin ruwa, sanarwar Sukuk ce abin jira: an fara fitar da ita a 2017 da naira biliyan 100 don aikin tituna, ana shiga daga naira 10,000, kuma ba kowane wata ake buɗewa ba, don haka wanda bai sa ido ba sai dai ya ji an rufe.

Sai kasuwar hannayen jari, NGX, inda kowane kamfani da ke cikinta ke ajiye rahoton kuɗinsa na wata uku-uku da na shekara. Nan ne za ka ga abin da kanun labarai ke ɓoyewa. MTN Nigeria ya ƙara samun kuɗin shiga a 2023, amma ya rufe shekarar da asarar naira biliyan 137, saboda faɗuwar naira ta kumbura bashin da ke kansa na dala. Wanda ya karanta layin kuɗin shiga kawai ya tsaya, bai ga komai ba. A nan kuma ake sanar da rabon riba da ranar da dole sunanka ya kasance a rajista kafin ka samu.

Aibin wannan rukuni a bayyane yake. Turancinsa mai nauyi ne, teburansa ba sa karantuwa a ƙaramar waya, kuma ba wanda zai fassara maka ma'anar adadin. Alƙaluman kan zo bayan abin ya riga ya faru. Ta fuskar ɗorewa su ne kan gaba, duk da cewa a Disamban 2024 an yi wa shafin NBS kutse ya yi makonni a rufe. Dabarar ita ce ka sauke duk rahoton da ka san za ka sake buƙata ka ajiye a wayarka.

Jaridun kasuwanci na gida

BusinessDay, wadda ke fitowa daga Legas tun 2001, ita ce jaridar kullum da ta keɓe kanta ga kasuwanci. Ƙarfinta yana wajen bankuna, mai da iskar gas, manyan kamfanoni da manufofin gwamnati, tana kuma da marubutan ra'ayi da suka san aikin. Wani ɓangare na rubutunta sai mai rajista, amma da naira ake biya, wanda ya sauƙaƙa lamarin. Nairametrics kyauta ne galibi, yana da sauri, kuma yana rubutu ne don mai ƙaramin jari: sakamakon kamfanoni, gwanjon takardun lamuni, farashin canji na rana. Ga wanda ke da minti goma sha biyar kacal da safe, shi ya fi dacewa. Proshare ya fi nutsewa cikin kasuwar hannayen jari da dokokinta, yana da tarin tsofaffin rahotanni, sai dai sabon shiga zai iya ɓata a cikinsa.

Dukkansu idon Legas gare su. Za ka sha labarin tashar jiragen ruwa ta Apapa da ribar bankuna, amma ka yi mako ba ka ga kalma ɗaya kan Dawanau, ko kasuwar shanu ta Potiskum, ko cinikin kan iyaka a Jibiya da Illela ba. Wannan gurbin shafin kasuwanci na Daily Trust ne ke ɗan cike shi, musamman kan noma, taki, farashin hatsi da wutar lantarki a Arewa.

Haɗarin shafukan kyauta shi ne talla da ke sanye da rigar labari. Idan rubutu ya yabi kamfani ɗaya daga farko har ƙarshe, babu sunan wakili, babu muryar kowa sai ta shugaban kamfanin, to sanarwar kamfani ce aka liƙa. Abu na biyu, gaggawa kan jawo kuskuren adadi: miliyan ta zama biliyan, ribar wata tara ta zama ta shekara. Duk adadin da za ka sa kuɗi a kansa, ka koma takardar asali ka tabbatar.

Abin da ake samu da Hausa

Aminiya, da sassan Hausa na BBC, DW da RFI, suna kawo manyan labarai da wuri, kuma RFI na da shirin kasuwanci na mako-mako, Kasuwa A Kai Miki Dole. Gidajen rediyon Kano da Kaduna kan zagaya kasuwa su faɗi farashin kwano da buhu, abin da babu jaridar Legas da za ta yi. Kuɗinsu kusan babu, sauƙinsu ba a magana. Inda suka gaza shi ne zurfi da bibiya: za a faɗa maka an ƙara kuɗin ruwa, a ji ta bakin masani na minti biyu, a wuce. Ba safai za ka samu tebur ko kwatancen shekaru ba, kuma neman tsohon shiri aiki ne. Sun isa ka san abin da ya faru. Ba su isa ka zuba jari a kansu kaɗai ba.

Sharhin kamfanonin zuba jari

Wannan rukuni ne mutane da yawa ba su san da shi ba, alhali yana cikin mafi amfani. Kamfanoni irin su Afrinvest, Meristem, CardinalStone da Cordros suna fitar da taƙaitaccen sharhin kasuwa na rana ko na mako, da babban hasashe a farkon shekara, kuma da yawa daga ciki ana turo su ta imel kyauta. A shafi biyu ko uku za ka ga yadda hannayen jari suka rufe, ribar da takardun baitulmali, wato na bashin gwamnati na ɗan gajeren lokaci, suka bayar a gwanjon ƙarshe, da abin da ake jira mako mai zuwa. Kamfanin Financial Derivatives na Bismarck Rewane kan fitar da bayanin wata-wata mai cike da zane-zanen alƙaluma. Stanbic IBTC kuma na da ma'aunin wata-wata na harkar kamfanoni masu zaman kansu: sama da 50 harka na buɗewa, ƙasa da 50 tana tsukewa.

A riƙa tunawa cewa waɗannan dillalai ne. Abincinsu yana cikin saye da sayarwar da kake yi, don haka shawarar "saya" ta fi ta "sayar" yawa a takardunsu. Ka ɗauki alƙalumansu da lissafinsu, hukuncin kuma ka auna shi da na wani kamfanin.

Bankin Duniya, IMF da masu bin diddigin kasafi

Bankin Duniya na fitar da rahoto kan tattalin arzikin Najeriya sau biyu a shekara. Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, na fitar da hasashen duniya a Afrilu da Oktoba, da rahoton musamman kan kowace ƙasa. Kyauta ne, an tsara su da kyau, kuma taƙaitawar da ke shafukan farko ta wadatar da yawancin masu karatu. Sai dai ba 'yan ba-ruwanmu ba ne: sun daɗe suna kiran a cire tallafin mai a saki naira, don haka idan suna auna sakamakon waɗannan matakai, shawararsu suke aunawa. Ga mai son sanin kuɗin jiharsa, rahoton shekara-shekara na BudgIT, ƙungiyar da ke bin diddigin kasafin kuɗi, kan jihohi ya fi kusa da gida, domin yana nuna nawa kowace jiha ke tarawa da kanta, nawa take jira daga kason tarayya, nawa kuma ake binta.

Manyan jaridun waje

Financial Times da The Economist daga Landan suke, Bloomberg daga New York. The Economist mako-mako take fitowa, ba a sa sunan marubuci, kuma ba ta ɓoye cewa tana goyon bayan kasuwa sakakkiya. Ta fi kowa iya bayyana dalilin abu cikin shafi guda. Financial Times da Bloomberg sun fi sauri, sun fi zurfi kan farashin ɗanyen mai, matakan babban bankin Amurka da bashin ƙasashe masu tasowa, abubuwan da daga ƙarshe suke sauka a kan naira.

Matsalar kuɗi ce. Cikakken farashin shekara na Financial Times ko Bloomberg ɗaruruwan daloli ne. Tayin gwaji mai araha kan sabunta kansa da cikakken farashi idan ba ka soke ba, don haka ranar da ka yi rajista ka rubuta ranar ƙarewarsa. Biyan ma sai an shirya: bankuna da dama sun dakatar da amfani da katin naira a waje a 2022, wasu suka dawo da shi a 2025 da iyaka. Kuma labarin Najeriya a cikinsu ɗan kaɗan ne, an rubuta shi don mai jari na waje. Idan harkarka ba ta taɓa dala ko farashin kayan duniya kai tsaye, kanun labaran Reuters da abin da jaridun gida ke kwasowa sun ishe ka.

Rubutun masana ɗaiɗaiku da na kafafen sada zumunta

A nan mafi kyau da mafi muni suke zaune tare. Akwai irin Marginal Revolution, inda malaman jami'ar George Mason biyu, Tyler Cowen da Alex Tabarrok, ke rubutu kusan kullum tun 2003, kyauta. Ba zai gaya maka farashin dala a kasuwar 'yan canji ta Wapa da ke Kano ba, amma zai koya maka yadda masanin tattalin arziki ke warware tambaya. Matt Levine na Bloomberg, wanda tsohon lauya ne kuma tsohon ma'aikacin bankin zuba jari, yana bayyana dabarun kasuwar kuɗi ta Amurka cikin raha. Ɗalibi da malami za su ƙaru da su sosai, ɗan kasuwar gida kuwa kaɗan.

Ɗorewar irin wannan wuri a wuyan mutum ɗaya take rataye. AbokiFX, wanda kowa ke dubawa don farashin kasuwar bayan fage, ya dakatar da wallafa farashin a Satumban 2021 bayan Babban Banki ya zarge shi, masu dogaro da shi kaɗai suka wayi gari babu madafa.

Mafi haɗari su ne masu "koyar da kuɗi" a Facebook, TikTok da rukunonin WhatsApp da Telegram. Alamominsu uku: alƙawarin riba tabbatacciya, matsa maka ka yi sauri, da lada idan ka kawo wani. Da haka MMM ya ci mutane a 2016, da haka CBEX ya rufe da kuɗin jama'a a Afrilun 2025. Kafin ka saurari duk wanda ke kiran ka zuba kuɗi, ka duba sunan kamfaninsa a jerin masu rajista na SEC, hukumar da ke kula da kasuwar jari. Takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, shaida ce kawai cewa kamfanin ya wanzu, ba izinin karɓar jarin jama'a ba ce.

A taƙaice cikin tebur

| Zaɓi | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| NBS, Babban Banki, DMO, NGX | Kyauta | Sosai | Da wuya | Jinkiri, sauya ma'auni |
| BusinessDay, Nairametrics, Proshare | Kyauta ko da naira | Mai kyau | Matsakaici | Talla cikin labari, idon Legas |
| Kafafen Hausa | Kusan kyauta | Mai kyau | Sosai | Rashin zurfi |
| Kamfanonin zuba jari | Galibi kyauta | Mai kyau | Sai an saba | Dillalai ne |
| Bankin Duniya, IMF, BudgIT | Kyauta | Sosai | Matsakaici | Ra'ayin cibiya, ba na kullum ba ne |
| Financial Times, The Economist, Bloomberg | Da dala | Sosai | Turanci mai nauyi | Tsada, Najeriya kaɗan |
| Masana ɗaiɗaiku | Galibi kyauta | Ya danganta | Ya danganta | Rufewa, damfara |

Wanne ya dace da wa

Ma'aikaci mai ɗan ajiya wanda bai shiga kasuwar jari ba: Nairametrics ko shafin kasuwanci na Daily Trust sau biyu zuwa uku a mako, rahoton hauhawar farashi na NBS sau ɗaya a wata, da sanarwar DMO. Lissafin da zai riƙa yi ɗaya ne, ya cire hauhawar farashi daga ribar da aka yi masa alƙawari. Ribar kashi 15 a shekarar da kaya suka tashi da kashi 20 asara ce. Ba ya buƙatar biyan ko kwabo.

Mai sayen hannun jari: rahoton kamfanin a NGX shi ne farko, sharhin kamfanonin zuba jari biyu daban-daban na biye, sai Proshare. Idan yana son kauce wa kamfanonin da harkarsu ta saɓa wa shari'a, NGX na da jerin Lotus Islamic da zai fara dubawa.

Mai shigo da kaya daga Sin, Dubai ko Turkiyya: shi ne rajistar BusinessDay za ta biya kanta a wurinsa, tare da farashin canji na hukuma da sanarwar kwamitin kuɗi. Idan jarinsa babba ne har motsin dala na mako guda ya fi kuɗin rajistar shekara, ya ƙara Bloomberg ko Financial Times, ɗaya ba biyu ba.

Ɗalibi, malami ko ɗan jarida: takardun NBS da Babban Banki, rahotannin Bankin Duniya da IMF, sai The Economist idan ɗakin karatun makaranta na da ita, da rubutun masana don kaifafa tunani. Kullum ya rubuta shekarar ma'aunin da adadin ya fito daga ciki.

Mai harka a Nijar ko kan iyaka: sefa a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 a kan yuro ɗaya, don haka canjin naira da sefa a Maraɗi ko Ƙonni yana bin motsin naira ne da na yuro. Takardun BCEAO, babban bankin ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa da ke Dakar, da Agence Ecofin, da rahoton SIMA, hukumar da ke tattara farashin kasuwannin hatsi a Nijar, su ne abin dubawa, kuma da Faransanci ake samunsu.

Mai sayen hatsi ya ajiye, ko mai fataucin dabbobi: babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai ba shi farashin yau. Rahoton farashin abinci na NBS kan fito bayan makonni, kuma matsakaicin jiha yake bayarwa. Farashin yana bakin dillalinsa a Dawanau ko Giwa ko Maigatari, da rediyon gari. Abin da karatu zai ƙara masa shi ne labarin da ke juya kasuwa kafin ya iso rumfa: izinin shigo da abinci ba haraji irin wanda aka sanar a Yulin 2024, farashin taki, hasashen damina da hukumar hasashen yanayi ta NiMet ke fitarwa a farkon shekara, da buɗewa ko rufe iyaka. Don waɗannan, Daily Trust da Aminiya sau biyu a mako sun wadatar.